Wadda Ta Rage

Yaran yanzu ba ku da kunya, ba ku da tsoro. An ce ku zaɓi aji, kun mai da abin kamar zaɓen Aljanna da wuta. Wanda bai samu sayans ba sai ya ƙi abinci, ya ɗaure wa iyayensa fuska. To ku zauna ku ji abin da ajin nan ya ci a wani gida a Soron Ɗinki, daminar da soja suka sauka suka ba farar hula mulki.

Tagwaye ne marayu, Hassana da Usaina, a hannun kakarsu Dada, wadda yanar ido ta makantar. Kamarsu har ta ɓaci. Kawunsu Gwadabe ma, mai ɗawainiyar karatunsu, sai ya tambaya kafin ya san da wa yake magana. Komai biyu ake saya musu, iri ɗaya, don ba a fifita ɗan tagwai a kan ɗan'uwansa.

Sai jarrabawar aji uku ta raba abin da gida bai taɓa rabawa ba. Hassana mai kan lissafi ta samu makarantar kwana ta sayans. Usaina kuwa, wadda tun tana ƙarama take yi wa 'yartsana allura da tsinken tsintsiya, aka ce ta ci gaba da jeka-ka-dawo a ajin at, inda ba a fitar da likita.

Hawayenta bai bushe ba amai da gudawa ya shigo unguwa. Tare aka kwashe su zuwa asibiti. Ɗaya ta dawo da ƙafarta, ɗaya a makara. Gwadabe ya durƙusa gaban Dada ya ce sai haƙuri, Usaina ta riga mu.

Wadda ta rage ta miƙe a rame, aka shiga shirin makaranta. Aka sayo akwatin ƙarfe da bokiti, maƙwabta suka daka yaji, suka soya ƙuli. Da mai fenti ya zo rubuta suna a jikin akwatin ya tambaye ta, sai ta tsaya tana kallon gwangwaninsa har Gwadabe ya amsa mata. Telan lungu kuma, da yake hannunsa ya saba, ya manta ya yanka yunifom biyu. Aka rasa mai ƙarfin zuciyar mayar masa. Ta biyun ta zauna a rataye a ƙusa, iska na kaɗa hannuwanta duk lokacin da aka ɗaga labule.

Yarinyar ta daina duba madubi. Ko ruwa za ta ɗiba a randa sai ta kau da kai, don fuskar da ke ciki kallonta take yi kamar mai jiran a biya ta bashi. Sau da yawa a kira ta har a gaji ba ta waiga ba. In tana shara sai a ji tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, irin ta marigayiya. Matan gida suka ce haka tagwaye suke, in ɗaya ta tafi takan bar wa ɗayar halinta. Gwadabe ya kawo mata littafin lissafi na aji huɗu don ta fara dubawa, ta wuni a shafi ɗaya. Ya ce ciwo ne bai gama sakinta ba.

Dada kuwa ba ta da zance sai na Usaina, don ita ce mai ja mata gora, mai yanke mata farce. Ran nan da hantsi yarinyar ta ɗauko reza ta zauna yi mata. Tsohuwa ta riƙe hannun, ta daɗe tana shafawa.

"Hassana, hannunki ya koma irin nata," in ji ta. Sai ta saki, ta juya fuska bango.

Sadakar arba'in ta faɗo ana gobe tafiya. Aka toya waina, Malam Ilu limamin lungu ya zauna a zaure da mutanensa. Yarinyar ta matso kusa da kakarta.

"Dada, a ce wa Malam ya haɗa da sunan Hassana a addu'ar."

"Rufe min baki. Ana haɗa mai rai da na kabari ne? Ke kin samu makarantarki. Bar wa baiwar Allah addu'arta, ita kaɗai ta rage mata."

Yarinyar ta buɗe baki. Kalma ɗaya ta isa a juya addu'ar nan ta tafi inda ya kamata. Amma ta san kalmar za ta tafi da makarantar, da farar rigar likita da take gani tun tana goye. Ta haɗiye ta.

Ta tafi makarantar. Lissafi ya ƙi ta, shekara na zagayowa aka sallamo ta. Dada ta rasu bayan ta sa mutanen gidan sun yi mata alkawarin cewa duk Juma'a za a yi wa Usaina sadaka, kuma har yau ba a fasa ba. Wadda ta rage ɗin tana nan, ta manyanta, ita ke toya wainar da hannunta. Hassana na kwance a maƙabarta, babu bakin da ya taɓa roƙa mata gafara da sunanta. Ita kuwa Usaina, wadda da Gwadabe ya sunkuya a gadon asibiti ya ce "Wace ce ke?" ta amsa masa da sunan gawar da ke gefenta, duk Juma'a sai ta ɗaga hannu ta ji ana roƙon Allah ya haskaka kabarin Usaina, ta ce amin a kan sunanta.