Gidan Marayun da Bai Cika Ba

Ranar da ake fitar da gadaje daga gidan marayu, jami'in ƙididdiga yana tsaye a bakin ƙofa. Shekara goma sha biyu baya, shi ya yi hasashen cewa ƙanjamau za ta bar yara ɗari uku ba uwa ba uba a garin. Maganarsa ta tsorata hukuma har ta gina gidan, ta kuma wadata asibiti da magani da kayan gwaji.

Yara tara kacal suka taɓa kwana a ciki. Yanzu za a mai da ginin makaranta.

"Malam, ashe lissafi ma yana ƙarya?" in ji wani kafinta yana dariya. "Ina marayun naka?"

Bai ji haushi ba. Ya nuna masa dogon layin masu sa 'ya'yansu makaranta. Ƙanwarsa, wadda ta shekara goma tana shan maganin, tana cikinsu, tana yi wa 'yarta faɗa don ta ɓata sabon takalmi.

"Ga su can," ya ce, yana gyara zaman hularsa. "Kowanne da uwarsa."