Ankon Bikin Jikar Ladidi

Tun da ƙasashen duniya suka amince jirgi mara matuƙi ba zai yi kisa ba sai ɗan Adam ya sa hannu, sojoji suka raba wa talakawa aikin, kowa da ranarsa. Wanda ya ƙi, a rufe masa sana'a. Yau ranar Ladidi mai waina ce.

Tana juya waina wayarta ta yi ƙara. Tanimu tela, da ke jiran a zuba masa, ya miƙo mata.

"Iya, wai mayaƙa ne a ƙetaren iyaka, kayansu duk iri ɗaya."

"Kullum haka suke cewa." Ta goge hannu a zani, ta danna amincewa, ta koma kan tanda.

Tanimu bai ajiye wayar ba. Ya ƙura wa hoton da sojoji suka turo ido.

"Iya, wannan atamfa mai ganyen kuka, ba irinta na ɗinka miki ba, ankon bikin jikarki?"

"Ita ce. Ciwon ƙafa ya hana ni zuwa. Ai yau ake kai amar..."

Cokalin ya faɗi daga hannunta. Waina ta fara ƙauri. Saƙo ya shigo: "An gama. Ƙasa na godiya."