Katin Cikin Akwati

Ranar da banki ya ba Laouali katin bashi, matarsa ta gargaɗe shi: "Baban Hajar, ɓoye katin nan da kake shirin yi zai cuce mu."

Ya ja tsaki, ya kulle katin a akwati. Shekara guda yana yi wa maƙwabcinsa Buraima dariya a unguwarsu ta Gubaira.

"Ko burodin riyal ɗaya sai ka goga kati? Tir! Ubana bai taɓa cin bashi ba."

Da ya je neman bashin motar kai yara makaranta, ma'aikacin bankin ya taɓe baki. "Ba mu san ka ba, ya hajji, ba ka taɓa amfani da katinka ba. Kawo mai tsaya maka, wanda ke cin bashi yana biya kan lokaci."

Mutum ɗaya ya faɗo masa a rai. Ko Buraima zai yarda, har yau bai sani ba.