Ruwan Zangon Na Allah

Madugu ya kurɓi ruwan, ya sauke ƙwarya, ya ƙura wa Na Allah ido.

"Mai gida, ina ka samo ruwan Mai Nasara?"

Na Allah ya yi dariya. Tun da ayarin gishiri ya daina ratsowa zangonsa na gefen Attantane, raƙuma suka koma miƙe hanyar Tasawa, bai ga baƙo ba sai wannan, shi ma ɓatan hanya ne ya kawo shi. Rumfunan da Buzaye ke sauke kaya, awaki sun gaje su.

Ba wai ya zauna ba ne. Duk kaka, da hannunsa yake cika salka daga rijiyarsa, ya ɗora wa jakinsa, ya ba amininsa Mai Nasara ya kai mararraba, madugai su ɗanɗana su ratso. Mai Nasara kan dawo yana kaɗa kai: "Sun sha, aboki, sun wuce." Na Allah har haƙuri yake ba shi, ya haɗa masa da fura.

"Ruwan rijiyata ne," in ji shi.

"A'a. Shi Mai Nasara ke ɗanɗana muna a mararraba, ya ce na sabon zangonshi ne can gaba. Mu sauka mu tarar da ruwa duk kanwa, ya ce mun makara, mai daɗin ya ƙare."

Na Allah ya waiwaya. Jakinsa na tsaye bakin rijiya, salka cike a bayansa. Ga Mai Nasara tafe, yana washe baki.

"Aboki, an cika?"