Sifirin Libarbar Nicanor

Kaza ta uku ke nan Hermelinda ta yanka a watan, kuma ko ƙashi ba a tauna a gidanta ba. Ta cusa naman a ƙullun masara ta yi tamale, ta naɗe a bawon masara, ta rufe kwandon da ƙyalle, ta bi ta bayan coci zuwa shagon Maestro Cleto mai gyaran bindiga.

Abin ya samo asali ne ranar da Fulgencio Durazo ya kwaɗa wa mijinta Nicanor mari a bakin madatsar ruwa, gaban manoman garin kaf, a kan wanda zai fara ba gonarsa ruwa. Nicanor ya rantse da kabarin ubansa sai ya ga bayan Fulgencio, kuma da libarbar uban nasa, ba da wata ba. To, Fulgencio mutum ne da ke harbe zomo yana bisa doki a guje. Mijinta kuwa in aka ɗora masa gwangwani kan shinge aka ce ya harba, duk jihar Sonora babu mai kwanciyar hankalin gwangwanin nan. Hermelinda ta san wanda za a kai makabarta, tsoro kuma ya hana ta sakat.

Allah ya dube ta. Washegari aka ce sifirin libarbar, ƙarfen da ke cilla kunamarta, ya karye, katakon mariƙin ma ya tsage. Tsohuwar bindiga ce, irin wadda sai ka ja kunama baya da babban yatsa kafin kowane harbi, in babu sifirin kuwa ba ta fi guduma amfani ba.

"Maestro, don Allah ka ja aikin nan," in ji ta ranar da ta fara zuwa. "Ban shirya takaba ba."

Cleto ya buɗe kwando ya ci. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski.

Ya ja aikin, har damina biyu suka wuce. Sifirin da aka aiko daga Hermosillo ya yi gajere. Na Nogales na sabuwar ƙira ne, lanƙwasarsa daban. Mariƙi ya zo, raminsa ya ƙi haɗuwa da na ƙarfen. Wani ya zo mai kyau kamar a lasa, sai ga shi ya zarce gindin bindigar da faɗin farce. Kowanne sai Cleto ya ɗaga wa 'yan zaman shago su gani, yana tsaki.

"Mutanen ƙetaren iyakar nan masu ƙera ta ba sa zama wuri ɗaya. Kafin yaƙi fasali daban, bayan yaƙi daban. Ni me zan yi?"

Duk Litinin Nicanor kan saɓa jakarsa ta fata ya tafi sauke wa maƙerin kwandon masifa. Har dandalin gari ake jiyo shi.

"Cleto, gyara na kawo maka ko ajiya? So kake tsufa ya riga ni kashe Fulgencio?"

Tsofaffi su girgiza kai su ce namiji ke nan. Hermelinda takan ji gabanta ya faɗi, amma a faɗi gaskiya, takan ji kanta ya ɗan kumbura. Shi kuwa Cleto har ya ƙara wa bel ɗinsa huda, abin da ya sa ta mamakin irin albarkar da ke jikin kajinta.

Sai ga Ponciano, ƙanin Nicanor, ya dawo daga Tucson. Kowane gida yana da mai taimakon da ba a roƙa ba, nasu shi ne. Ya yi ta bin shagunan tsofaffin kaya har ya samo wata libarba mai tsatsa, sa'ar ta ubansu, ya ciro sifirinta da mariƙinta. Bai kawo su a ɓoye ba. Ranar Asabar da hantsi, shago maƙil da mutane, ya zube su kan tebur.

"Yaya, abin nema ya samu! Maestro, yau sai mu ji sabon uzuri."

Hermelinda tana bakin ƙofa cikin mata, tana roƙon duk waliyyan da ta sani. Babu wanda ya amsa mata. Sifirin ya shige, mariƙi ya zauna kamar tare aka haife su. Nicanor ya karɓa ya ja kunama, ta yi ƙas. Fuskarsa ta yi fari.

"Fushi ne," in ji wani tsoho. "Ku ba shi hanya."

"Gobe, in an taso daga coci," Nicanor ya faɗa da dasasshiyar murya. Cleto ya ce a bar masa ita katakon ya sha mai.

Da rana ta take, gari ya kwanta hutu, Hermelinda ta koma shagon hannu rabbana, don ko tsako bai rage mata ba. Ta durƙusa za ta fara kuka, sai idonta ya kai kan tebur. Ga sifirin Ponciano nan, ya rabu biyu.

"Maestro! Allah ya saka maka. Ka ceci ran mutumin da ba ya jin magana. Amma in ya gani, anya ba zai kashe ka ba?"

Cleto ya sakace haƙorinsa, ya dube ta da tausayi irin na wanda ya ƙoshi.

"Tashi, Doña, ba ni za ki gode wa ba. Yanzun nan mijinki ya fita ta ƙofar baya. Shi ya karya shi da hannunsa, daidai inda ya tsaya ya karya na farkon."