Shaddar Sallar Mahbub

Malam Dalhatu tela ya kutsa cikin taron buɗe sabon shago. Daga tebur guda a kasuwar Kabo, shagunan ɗinkakkun kaya na Mahbub sun mamaye garuruwa, yau ga reshe a Gwarzo daura da shagon Dalhatu. Samari sun daina kawo ɗinki.

"Alhaji, ka taimaka ka matsa gaba," in ji shi. "Da keken nan nake ciyar da iyali."

Mahbub ya riƙe hannunsa, ya dubi jama'a. "Ku gaida Baba, shi ya kafa mu. Ina yaro na kai masa shaddar Sallah, kullum sai gobe, har na je Idi da rigar gwanjo. Ranar na gane sana'ata."

Aka kaure da tafi. Dalhatu ya tuna har yau shaddar tana ƙasan teburinsa, almakashi bai taɓa ta ba.