Amsa Daga Bayan Tsohuwar Bas

Fitilar kyamarar Garzali ta ƙi kamawa tun jirgin ruwan bai gama fita daga gaɓar Doha ba. Ya danna kyamara, shiru. Ya canza batir, ya goge zoben robar murfin, ya sake dannawa, shiru. Baturiyar da ta ɗauke su aikin yi mata hoto a ƙarƙashin teku tana zaune da kayan nutso a jikinta, tana kallon hannunsa.

Zulkiflu, yayansa, ya miƙo hannu ya karɓa. Shi ya kawo Garzali ƙasar nan, shi ya koya masa ruwa, ɗakinsu ɗaya a unguwar Mansura. Ya zare siririyar wayar da ke kai haske daga kyamara zuwa fitila, ya ɗaga ta sama ya leƙa.

"Ta karye daga ciki. Kai komai ka riƙe sai ka murɗe shi kamar wuyan kaza."

Ya cire tasa wayar ya ɗaura wa ƙaninsa.

"Yaya, kai fa?"

"Tawa ba ta da fitina. Idonta a buɗe yake, in ta ga haske za ta bi, ita ma ta haska ko ba waya. Yalla, maza sa takalmin nutsonka."

Ruwan ranar ya yi kauri, kore-kore kamar miyar kuka da aka tsinka. Suna sauka duniya tana ƙanƙancewa, har ta koma iya tsawon hannu da ɗan abin da ya ɗara. A ƙasa akwai wata tsohuwar bas da aka nutsar don kifaye su samu gida. Tagoginta baƙaƙe, tsummokaran ragar masunta na lilo a jikinta.

Dokar masu nutso ita ce in ka rasa abokinka, ka ɗan duba, in ba ka gan shi ba ka hau sama. Su biyun sun daɗe da yi wa dokar kwaskwarima, don hawa sama yana ɓata wa baƙo rana. In ruwa ya raba su, ɗaya ya haska fitila, ɗayan ya haska tasa. Ma'anarsa, ina nan lafiya, ci gaba da aikinka.

Baturiyar ta tsaya a ƙofar bas ɗin. Garzali ya ɗauka, hoton ya fito da fararen ɗige-ɗige kamar an watsa gari. Ya san wannan matsalar: fitila ta matso kusa da idon kyamara, tana haska ƙurar ruwa. Ya sunkuya ya kwance hannun fitilar, ya ture ta gefe, ya karkatar da bakinta waje. Maƙallin ya yi tauri, ya ɗauke shi lokaci.

Da ya ɗago, babu Zulkiflu.

Ya juya dama, ya juya hagu. Kore kawai. Ya ɗaga kyamara ya danna.

Daga bayan bas ɗin haske ya amsa, fari, mai laushi, kamar walƙiyar da ke can nesa da gari.

Numfashinsa ya sauka. Ya koma kan aiki. Matar ta leƙa ta taga, ya ɗauka. Garken ƙananan kifaye ya ratsa ta gabanta, ya ɗauka. Duk ɗauka, hasken ya amsa daga bayan bas. Garzali har murmushi ya yi a cikin robar shaƙar iskar da ke bakinsa. Yaya da tsokana. Mutumin da in ka kira shi a ɗaki sai ya gama kurɓar shayinsa kafin ya ce na'am, yau ga shi ba ya ko bari a ƙifta ido.

Sun zagaya gaban motar. Sanyi ya fara shiga rigarsa. Wani abu ya riƙa taɓa masa zuciya, ya rasa mene ne. Yaya ba mai zama wuri ɗaya ba ne a ruwa. Wataƙila ya samu wani kifi a rami yana jiran ya leƙo. Ya sake dannawa, don kawai ya ji sanyi. Amsa ta zo daga inda take zuwa.

Matar ta nuna masa agogon iskarta, allura ta kusa ja. Ya yi wa bayan bas ɗin haske na sallama, aka amsa masa, ya kama hannunta suka hau a hankali.

Matuƙin jirgin, wani dattijo ɗan Indiya, ya ja su ciki. Ya dubi ruwan, ya dubi Garzali.

"Ina ɗan'uwanka?"

"Yana tafe. Yanzu muka yi magana."

Suka jira. Rana ta busar da gishiri a fuskar Garzali. Can nesa dogayen benayen Doha na rawa a cikin zafi. Dattijon ya daɗe yana kallon fuskar tekun, wurin da ya kamata kumfar numfashin mutum ta riƙa fashewa. Ruwan a kwance yake kamar an shafe shi da hannu. Ya jawo sabuwar tukunyar iska ya ɗora wa Garzali a baya, shi kuma ya ɗauki rediyon kiran agaji.

Garzali ya sauka shi kaɗai. Ya danna, aka amsa. Ya bi hasken yana addu'a, yana danna, ana amsawa, har ya sha kwanar bayan bas ɗin.

Raga ta naɗe Zulkiflu daga tukunya har ƙafa. Ya yanka fiye da rabinta, wuƙar na nan maƙale a zare. Aikin mutumin da ya daɗe yana fama. Hannayensa biyu a sake suke, ruwa na kaɗa su. Kyamararsa kuwa tana can ƙasa da shi, tana reto a igiyarta, inda hannu ba ya kaiwa.

Yatsan Garzali ya motsa da kansa a kan maɓalli, fitilar Zulkiflu da ba ta da waya ta ga haske, ta bi, kamar yadda take bi tun ɗazu ba tare da kowa ya taɓa ta ba.